Kafaɗarki da Tawa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, gajiyar biki ta sake ki, baƙunta kuma ta fara sauƙi. Ya Mubi? Ya mai gidan naki da iyayensa? Ki isar musu da gaisuwata da godiyata bisa karramawar da suka yi wa 'yan rakiya. Allah ya sa kin shiga a sa'a, ya tsare ki daga abin ƙi na fili da na ɓoye.

Wata ɗalibar jami'a da ke haya a maƙwabtanmu, 'yar Mubi ce, za ta tafi hutu, shi ne na ce bari in ba ta saƙo. Na san za ki ce ga waya. To kin dai ga yadda muke yi a wayar: ina kwana, lafiya lau, ya gida, sai mu yi shiru, sai in miƙa wa ƙannenki. Haka ranar da aka kawo ki ɗakina ki yi mini sallama, ban iya cewa komai ba sai Allah ya ba da zaman lafiya, na juya ina gyara kwanukan da tun safe a gyare suke. Ke 'yar fari ce, haka na taso na ga iyaye suna yi. Abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada.

Goggonki Larai ta dawo tana ta yabonki. Ta ce tun kafin lalle ya bar hannunki kin miƙe kina taya surukarki aiki, har da idonta ta ga kin ɗauko jarkar ruwa a cike da hannu ɗaya daga bakin famfo zuwa madafa. Matan da ke wurin suka yi ta sa miki albarka. Ni kuwa tun da na ji maganar jarkar nan ban sami sukuni ba. Shi ya sa ba zancen zaman aure zan yi miki ba, wannan an yi miki isasshe. Zancen kafaɗarki zan yi, abin da ni da ke muka daɗe muna kewayewa.

Bari in fara da tawa. Kin san ta dama ta fi ta hagu tsayi, ko da yake ba ki taɓa tambayata dalili ba. Ba haka aka haife ni ba. A ƙauyenmu Kausani ni ce babba a ɗakinmu, kullum da ƙani a kan ƙuguna na hagu, bokiti a hannun dama. Da na zama malamar firamare aka tura ni wajen Indabo, na shekara da shekaru ina rataye da jakar littattafan yara a kafaɗa ɗaya, kullum ta dama, ina ɗage ta don kada igiyar ta zame. Da na shiga aji kuma hannun nan dai shi ne a sama yana rubutu a allo. Jiki ya saba, har ya zama ko babu jaka kafaɗar tana nan a ɗage kamar tana jiran a rataya mata. Abin da ya biyo baya kin sha gani: ciwon wuya, ciwon kai na ɓari ɗaya da yake sa in ɗaure goshi da ɗankwali, da wani zugi a ƙasan allon kafaɗa da ba ya barina in daɗe a zaune kan tabarma. Ban taɓa danganta su da jakar ba. Na ce hawan jini ne, na ce rana ce, na yi ta haɗiyar ƙwayoyi. Da na riƙa sauya kafaɗa, ko na raba kayan gida biyu, da watakila yau ina juya wuyana ba tare da na juya jikina duka ba.

Saboda haka kada ki raina ƙaramin nauyi in kullum ne. Kaya in na hannu ne ki raba su biyu, hagu da dama. Jaka ki riƙa sauya mata kafaɗa. Wayar nan da kike maƙalewa tsakanin kunne da kafaɗa kina yanka albasa, ki daina. Jarka kuwa ki bar ta, ko ki cika rabi ki yi sawu biyu.

Taki kuwa daban take da tawa, kuma rashin sanin haka shi ya ci mana lokaci. Kina shekara goma sha biyu ko sha uku aka ɗinka miki kayan ƙaramar salla, atamfa mai ruwan ganye. Da kika sa, wuyan rigar ya zame gefe guda. Na mayar wa tela, na yi mata faɗa, ta gyara, ya sake zamewa. Matar nan ta ce mini cikin ladabi, Malama, anya ba tsayuwar yarinyar ba ce? Na ji haushi, amma na dawo gida na dube ki, na ga kamar da gaskiyarta. Sai na yanke hukunci a raina cewa kwaikwayona kike yi, ko kuma lalaci ne irin na 'yan mata masu tasowa. Daga ranar kika shiga uku da ni. Miƙe tsaye. Sauke kafaɗar nan. Wa kike yi wa yanga? Kina ƙoƙari, ki sauke ta, da na kau da kai ta koma. Ban san ina umartar ki da abin da ba ya hannunki ba ne.

Abin da ya sa ban gani da wuri ba shi ne ban duba ba. Tun da aka yaye ki Inna, mahaifiyar babanki, ta ɗauke ki zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke, amma ita take yi miki wanka, ita take yi miki kitso, ita take kwana da ke. Ni sai dai in hango ki. Har kika tashi kina kirana Malama kamar yadda kika ji yaran unguwa suna kira. Idon Inna kuma a lokacin ya riga ya yi rauni. Sai aka wayi gari mai gani tana kunya, wadda ba ta kunya kuma ba ta gani. Ban ce alkunya ba ta da kyau ba, tarbiyya ce. Amma in Allah ya ba ki haihuwa, ki yi ta a gaban mutane in kina so, ki ajiye ta a bakin ƙofa in kin shiga ɗaki. Ki san jikin 'ya'yanki da hannunki, na fari da na ƙarshe.

Da abin ya fito fili, kowa ya zama likita. Wasu suka ce faɗowar da kika taɓa yi daga kan mangwaro ce. Wasu suka ce kin zubar da ruwan zafi a bakin kwata ba bisimilla. Inna ta ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ni da nake taƙama da boko, ni na ɗauke ki zuwa wurin wani mai ɗori a wajen Achika, don an ce hannunsa da albarka. Kuma a karaya da targaɗe da albarkar, na shaida. Ya shafa miki man shanu, ya danna, ya ja hannun, ya ɗaure ki da ƙyalle tamau. Kin cusa bakin hijabinki cikin baki kin cije, ba ki yi kuka ba. Muka yi ta zarya har damina ta wuce, babu abin da ya sauya sai tsoron taɓawa da ya shige ki. Ko ƙannenki suka rungumo ki ta baya sai ki zabura.

Babanki, Allah ya jiƙansa, shi ya tsayar da abin. Bai yi mini faɗa ba, kin san ba halinsa ba ne. Wata safiya kawai ya ƙi buɗe kanti, ya ce mu shirya za mu Kano asibitin ƙashi. Likitan da muka gani ya ce in kwance miki zip ɗin riga, ki haɗa ƙafafu, ki sunkuya kamar mai ruku'u. Ya ce in zo in tsaya a bayanki in duba. Ummi, ranar na fara ganin bayanki tun kina jaririya. Haƙarƙarin dama ya taso ya yi tudu, na hagu ya kwanta. Na tsaya ina kallo. Da aka kawo hoton ƙashi ya ɗaga shi a haske, sai ga ƙashin bayanki ya karkace ya lanƙwaso, maimakon ya sauko a miƙe.

Na tambaye shi ko faɗuwa ce, ya ce a'a. Ko ɗaukar kaya ne, ya ce a'a. Ya ce akwai abubuwa da yawa da ke ɗaga kafaɗa ɗaya: wani ƙafarsa ɗaya ce ta fi ɗaya gajarta, wani tsohon rauni ne, wani kuma sabo ne da nauyi ya ɗaure masa jijiyoyi. Ya dube ni ya ce irin tawa ke nan, in na kwanta na saki jiki za ta sauka. Irin taki kuwa a ƙashin take, tana fitowa lokacin da yaro yake saurin tsawo, ta fi tsananta a 'ya'ya mata, kuma galibi ba a san abin da ke kawo ta ba. Sai ya juya wurinki ya ce, "Ba laifinki ba ne, yarinya. Ko kin so ki sauke ta ba za ki iya ba." Kin ɗago kin dube ni sau ɗaya, kika mayar da kai ƙasa. Haka muka kamo hanya har muka tsallako gada muka shigo gari.

Shawarata a nan gajera ce. In ciwo ya ƙi ji bayan an gwada abin da aka sani, kada ki tsaya jin ta bakin maƙwabta. Kuma kada ki yi wa yaro faɗa kan jikinsa sai kin tabbatar yana da ikon gyarawa.

Suka auna ki aka yi miki wata rigar roba mai tauri, daga ƙirji zuwa ƙugu, da maɗaurai ta baya. Likita ya faɗa mana gaskiya, ba za ta miƙar da ƙashin ba, za dai ta hana shi ƙara karkacewa har ki gama tsawo, in an jure sa ta dare da rana. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, naki ya fara bushewa amma da saura. Sai ga bazara ta shigo. Ƙuraje suka feso miki, fatar ƙugunki ta saluɓe. A makaranta 'yan ajinku suka gano, suka riƙa ƙwanƙwasa bayanki suna ce miki kunkuru. Wata rana kika dawo kika zauna a bakin rijiya kika ce mini, "Malama, don Allah ki kwance mini, ko na yau kaɗai." Shi ne abu na farko da kika taɓa roƙona kai tsaye ba ta bakin Inna ba. Na kwance. Washegari ma na kwance. Muka ɓoye wa babanki, ina mayar miki in ya kusa dawowa. Daɗi nake ji a raina, wai yau ga ni da 'yata muna da sirri.

Da muka koma asibiti hoton ya tona mu, karkatar ta ƙaru. A hanyar dawowa babanki ya ce mini tausayi iri biyu ne, akwai na yau akwai na gobe. Daga nan shi ya karɓi aikin. Shi yake ɗaure miki da safe, ya sa aka ɗinka miki 'yar shara ta auduga kina sawa a ciki, ya je makarantarku ya yi magana da shugabar. Da azahar yakan bar kanti ya dawo ya zauna kusa da ke a inuwar darbejiya yana yi miki fifita da mafici, yana ba ki labarin dillalan shanu na kasuwar kara da ƙaryar da suke shararawa ranar Juma'a, kina dariya rigar tana ƙara. Ina jiyo ku daga madafa. Da haka kuka kai har likita ya ce ƙashi ya tsaya, a cire. Kafaɗar ba ta sauka ba, amma ba ta ƙara hawa ba. Wani ɓangare na tsayin da take da shi yau, na watannin da na yi ina kwance miki ne. Na faɗa miki ne don in an ba ki wata doka a asibiti, taki ko ta ɗanki, ki riƙe ta ko da ranki ba ya so. Motsa jikin da suka koya miki, wanda kike yi a kan tabarma bayan sallar asuba, kada kunyar miji ta sa ki bari.

Saura maganar soso. Bayan rasuwar babanki, da manemi na farko ya fito, tsoro ya kama ni. Na je wurin tela na sa ta cusa soso a kafaɗar hagu ta duk rigunanki don su daidaita. Kin ce ba kya so, na ce ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. Ranar da ƙanwar mahaifinsa ta zo ganinki, kin durƙusa kina gaishe ta, ta dafa ki tana sa albarka. Na ga yatsunta sun tsaya, sun matsa, sun sake matsawa. Ta sha ruwa ta tafi. Daga nan ƙafa ta ɗauke, sai labari muka ji a gari wai an so a rufe su. Na shigo ɗaki na tarar kin zauna da reza kina farke rigunan ɗaya bayan ɗaya, soso ya taru a gabanki. Ba ki ɗago ba kika ce, "Malama, da ba a sa ba, kafaɗata kawai za su gani. Yanzu ƙarya suka gani." Na koyar da yara shekaru masu yawa, ban taɓa jin darasin da ya shige ni kamar wannan ba.

Shi ya sa da wannan bawan Allah da ya aure ki ya fara zuwa, lokacin yana koyarwa a jami'ar nan, ban sa baki ba. A zuwansa na biyu kika faɗa masa komai a zaure. Ina bayan ƙofa, yau na faɗa miki. Kin ba shi labarin hoton ƙashi, da rigar roba, da ciwon da kike ji in kin daɗe a tsaye. Ina ta jiran in ji ya fara kame-kame. Sai ya tambaye ki ko zaman tabarmar nan yana damunki. Kika ce kaɗan. Zuwansa na gaba sai ga kujera mai majingina ɗaure a bayan babur. Tana nan a zaure har yanzu, na hana a ɗauke.

To mutumin da ya karɓe ki a haka, me za ki ɓoye masa? Na san abin da ya sa kika ɗauki jarkar nan. So kike dangin miji su ce ba ta da wata nakasa, ta fi masu lafiya aiki. Na san wannan zuciyar, don a wurina kika gado ta. Amma wannan ma wani soson ne. Ki zauna da surukarki ki faɗa mata da bakinki abin da kike iyawa da wanda ba kya iyawa. Girki, shara, wanki a zaune kan kujera, duk za ki yi. Daka mai yawa da ɗaukar nauyi, ki nemi a taya ki. In ta ji daga gare ki, magana ta ƙare. In ta gano da kanta ranar da kika kwanta, sai ta zama abin faɗa.

In Allah ya kawo rabo, tun awon farko ki sanar da su halin bayanki, kada ki jira su tambaya. Na taɓa tambayar likita a keɓe, ya ce ba ya hana ɗaukar ciki ko haihuwa, sai dai ciwon baya yakan ƙaru, kuma in ta kama a yi allurar baya gara su sani tun da wuri. Goyo ki yi shi a tsakiyar baya, kada ki saba da saɓa yaro a ƙugu ɗaya irin nawa. Katifa mai ɗan tauri ta fi miki mai lotsawa. In kika ji numfashi yana yi miki wuya, ko ƙafa tana mutuwa, ko kika ga kafaɗar ta ƙara hawa, ki tafi asibiti a ranar, ba sai an gama aikin gida ba. 'Ya'yanki kuma, maza da mata, da sun fara miƙewa ki riƙa sa su sunkuya ki tsaya a bayansu ki duba, don an ce yakan bi jini. Ƙannenki duk na duba su, har sun gaji da ni.

Gidan nan ya yi mini faɗi, Ummi. Ƙannenki suna nan da hayaniyarsu, amma na saba in zuba abinci da kwanonki, sai na kai rabi in tuna. Yanzu da la'asar nakan fita in zauna a bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba. Lokacin ne 'yan mata suke dawowa daga makaranta, ayari-ayari, hijabi iri ɗaya, ta kan titin da ya taho daga gada. Shekarun da kike karatu, ta tagar ɗakina nake leƙen titin nan. Tun kuna nesa, fuska ba ta fito ba, nakan gane ki a cikin taro, don hijabinki ya fi sauka ta hagu. Da na hango shi sai hankalina ya kwanta, in koma madafa da sauri don kada ki tarar ina jiranki. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya daidaita, da shi nake tsintar 'yata a cikin 'ya'yan mutane. Jiya na zauna har aka kira magariba, suka wuce duka, kowace kafaɗunta daidai, babu tawa a ciki.

Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Ya ba ki lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya sa mijinki ya ɗore a kan halinsa, ya haɗa ki da maƙwabta na gari. Allah ya jiƙan babanki da Inna, ya kai haske kabarinsu. In hanya ta yi kyau kuma mai gida ya yarda, ki zo mana da babbar salla. In bai samu ba, ki sa a ɗauke ki hoto a tsaye, daga nesa kaɗan, ki turo wa ƙannenki su nuna mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.